Ruwa, Rana da Dillali: Lacca a kan Raba Ruwa Don Samun Makamashi



Kafin in shiga magana ina neman afuwar malamaina, domin wanda ke tsaye a gabanku ɗalibi ne da bai ko kammala digirin farko ba. In na yi tuntuɓe, a yi haƙuri a gyara mini bayan na zauna.

Abin da ya jawo wannan lacca ya faru ne a cikin mota. A hutun da ya wuce, ina dawowa daga gida, watau Tozai ta ƙasar Isa, sai Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da wani dattijo manomin rani. Da ya ji ni ɗalibin kimiyya ne sai ya zaro wayarsa ya nuna mini hoton wani saurayi yana ɗura ruwa a cikin wata kwalba da aka jona da janareta, janareta kuwa yana ta ruri. Ya ce mini, "Ɗana, ga wani ya yi injin da ke shan ruwa maimakon fetur. Ku me kuke jira? Tun da aka cire tallafin mai a 2023, rabin abin da nake samu a fadama injin ban-ruwa ke cinye shi." Na ce, "Baba, ai wannan ba ya yiwuwa." Ya ce, "Don me?" Sai na kama kame-kame har muka iso tasha ban ba shi amsar da ta gamsar da shi ba, ni ma kuwa ba ta gamsar da ni ba. To, yau ina so in biya wannan bashi a gabanku.

Jama'a, ruwa toka ne. Na san maganar za ta yi wa kunne nauyi, amma haka take. A shekarar 1766 wani masani na Ingila, Henry Cavendish, ya ware wata iska marar nauyi mai saurin kama wuta, wadda daga baya Lavoisier na Faransa ya raɗa wa suna haidirojin. Su biyun suka tabbatar da cewa idan wannan iska ta ƙone, watau ta haɗu da iskar oksijin da muke shaƙa, abin da ke saura shi ne ruwa. Ashe duk ruwan da ke gudana a Gulbin Rima, da na rijiyoyinmu, da na randunan iyayenmu mata, haidirojin ne wanda ya riga ya ƙone, zafinsa ya fita tun tuni. Ba a taɓa yin uwargidan da ta tuƙa tuwo da toka ba. Wanda kuma ya ce zai mai da toka itace, lalle ne ya mayar mata da dukan zafin da wuta ta fitar, har da ƙari. Saboda haka duk injin da aka ce ruwa tsagwaronsa yake sha, a duba da kyau, akwai batir ko mai a ɓoye. Wannan wasa ma ba a kanmu aka fara shi ba. A Amurka wani mai suna Stanley Meyer ya karɓi kuɗin mutane da sunan motar da ke tafiya da ruwa, har kotu a jihar Ohayo ta same shi da laifin zamba a 1996.

To, in haka ne, me ya sa manyan ƙasashe ke zuba dukiya wajen raba ruwa? Dalili shi ne haidirojin rumbu ne. Rana tana ba mu ƙarfi da tsakar rana fiye da bukatarmu, da magariba kuma ta tafi da abinta. Idan muka ɗauki lantarkin da faifan rana ya bayar muka raba ruwa da shi, to mun zuba ƙarfin ranar nan a cikin iska wadda za a iya adanawa, a ɗauka a kai wani gari, a ƙona ta ran da ake so, ta koma ruwa ba hayaƙi. Ita dabarar tsohuwa ce ƙwarai. A 1800, 'yan makonni bayan labarin batirin Volta ya isa Landan, wasu mutum biyu, Nicholson da Carlisle, suka tsoma wayoyinsa biyu a ruwa, suka ga kumfa na tashi: haidirojin a waya ɗaya, oksijin a ɗayar. Lissafin kuwa ga shi. Lita 9 ta ruwa tana ba da kilo 1 na haidirojin, wannan kilo ɗaya kuma yana ɗauke da ƙarfin da ya kai na fetur kusan lita 4. Ruwa ba shi ne mai tsada a cinikin ba. Mai tsadar shi ne lantarki, domin injunan yau suna cin kilowat 50 zuwa 55 na awa kafin su ba da kilo ɗaya, alhali ƙa'idar kimiyya ta ce wajen 39 ya isa.

Wannan rata da ke tsakanin 39 da 55 ita ce zuciyar maganata, kuma don in bayyana ta zan roƙe ku mu tafi kasuwar dabbobi, ko ta Sabon Birni ko ta Shinkafi. Ga mai sa yana son sayarwa, ga mai saye da kuɗi a aljihu, kowa ya san abin da san zai yi. Amma sai su wuni suna kallon juna ciniki bai faɗa ba, har sai dillali ya shiga tsakani, ya ja wannan gefe ya yi masa raɗa, ya ja wancan, ya haɗa hannuwansu, a ce Allah ya sa albarka. Dillali bai haifi san ba, bai tafi da shi gida ba, gobe kuma yana nan a rumfarsa yana jiran wani ciniki. Irin wannan dillali akwai shi a cikin sinadarai, shi ne masana ke kira katalis, sunan da ya samo asali daga kalmar da Berzelius na ƙasar Suwidin ya ƙirƙira a 1835. Abu ne da ke gaggauta haɗuwar sinadarai ko rabuwarsu, shi kuwa ya fito yadda ya shiga. Wani abokina ya ce mini ashe kamar kanwa ce a tukunyar wake. Misalin ya kusa, sai dai kanwa tana tafiya cikin waken a cinye ta, dillalinmu kuwa ba a cin sa.

Kuɗin sa a wannan ciniki shi ne bolt 1.23. Wannan shi ne mafi ƙarancin matsin lantarki da zai raba ruwa, kuma babu dillalin da zai rage ko ɗigo daga cikinsa, ko daga wace jami'a ya fito. A nan ne saurayin cikin wayar Baba ya faɗi. Amma in ka ba ruwa bolt 1.23 cif, sai ya yi maka shiru. Dole ka ɗora wani abu a sama, har injunan masana'antu sukan kai bolt 1.8 zuwa 2. Wannan ƙari shi ne la'ada, kuma zafi kawai yake komawa ya bi iska. Duk binciken da ake yi a duniya kan wannan al'amari, in ka tattara shi, neman dillali ne mai ƙaramar la'ada, mai saurin kashe ciniki, wanda ba ya tsufa da wuri.

Me ke sa wani ƙarfe ya fi wani iya dillanci? Paul Sabatier na Faransa, wanda ya sami lambar Nobel a 1912, shi ya ba da amsar da har yau ake aiki da ita. Dole ƙwayar haidirojin ta sauka a fuskar ƙarfen, ta ɗan zauna har 'yar'uwarta ta iso, su haɗu su tashi tare. In ƙarfen yana da riƙo da yawa, sai ya ƙanƙame ta ya hana ta tafiya, rumfa ta cika, ciniki ya tsaya. In kuma riƙonsa ya yi sako-sako, sai ta zame kafin ta biyu ta zo. Wanda riƙonsa ya zo daidai wa daida shi ne filatinam, shi ya sa a gefen haidirojin la'adarsa ba ta taka kara ta karya ba.

Gefen oksijin shi ne inda gizo ke saƙa. A can gefen haidirojin ƙwayoyin lantarki biyu kaɗai ake bukata. A nan kuwa sai an zare huɗu, ɗaya bayan ɗaya, daga ƙwayoyin ruwa biyu, sa'an nan a ɗaura oksijin da oksijin. Duk wanda ya taɓa ganin cinikin gonar gado da magada huɗu ke da hakki a kanta ya san abin da nake nufi: ka shawo kan na farko, na biyu ya tubure, ka lallashi na biyu, na uku ya ce bai san zancen ba. Abin da ya fi ban haushi ma, masana sun gano cewa matakan a ɗaure suke da juna, in ka gyara ƙarfe ya sauƙaƙa mataki ɗaya sai wani matakin ya ƙara tauri. Mafi yawan la'adar da ake biya a nan take tafiya. Sa'an nan wurin yana da cin ƙarfe, musamman a irin injin zamani mai aiki da tsami, wanda kamfanin General Electric ya fara ƙerawa a shekarun 1960. Shi wannan inji ƙarami ne, kuma yana jure hawa da saukar lantarkin rana in gajimare ya gifta, amma kusan babu ƙarfen da ke rayuwa a gefensa na oksijin sai iridiyam.

Ina so ku riƙe wannan suna. Iridiyam yana cikin ƙarafan da suka fi ƙaranci a doron ƙasa. Abin da duniya gaba ɗaya ke haƙowa a shekara tan 7 ne zuwa 8, mafi yawansa daga Afirka ta Kudu, inda ake samunsa tare da filatinam. Saboda tsananin nauyinsa, in da za a narke na shekara guda a zuba a duro irin na man fetur, ba zai cika duro biyu ba. Yanzu ku gaya mini, ran da Jamus da Japan da Sin da Amurka suka yi layi a bakin duro biyun nan, ina mutumin Tozai zai tsaya? Wannan shi ya sa nake ganin maganar katalis ta fi shafarmu a kan waɗanda ke rubuta littattafanta. Rana muna da ita har ta yi mana yawa, kowa ya san zafin Sakkwato a watan Afrilu. Ruwan da ake bukata kaɗan ne. Dillalin ne ba namu ba.

Amma akwai wata tsohuwar hanya wadda ba ta neman iridiyam, kuma iyayenmu mata sun san rabinta. Ruwan tokar da suke tacewa don yin sabulun salo ɗan'uwa ne ga ruwan da ake zubawa a cikin wannan inji, sai dai na injin ya fi kaifi da tsabta. A cikin irin wannan ruwa nikel ba ya lalacewa, nikel kuwa ƙarfe ne na kasuwa. Da irin waɗannan injuna Norwe ta riƙa raba ruwa a Bemok tun 1929, da lantarkin gangaren ruwa. Masar ta kafa nata a Aswan a 1960, aka kuma kafa wani a Kwekwe ta Zimbabuwe a farkon shekarun 1970. Dukansu ukun ba don mota aka yi su ba, don takin zamani ne. Zan dawo kan wannan.

Labarin da ya fi burge ni a karatun da na yi shi ne na nikel ɗin nan. Shekara da shekaru ana yabonsa a gefen oksijin. A 1987 wani mai binciken batir a Amurka ya nuna cewa ɗan gurɓin baƙin ƙarfe yana ƙara wa nikel kuzari ƙwarai, ba a dai ba abin muhimmanci sosai ba. Sai a 2014 masu bincike a Jami'ar Oregon suka tace ruwan gwajinsu sarai, suka fitar da duk wani ɓurɓushin baƙin ƙarfe, sai ga nikel ya zama malalaci. Ashe dattin da ake ƙoƙarin kawarwa shi ke yin aikin! Yau gamin nikel da baƙin ƙarfe yana cikin mafi kyawun dillalan oksijin da aka sani a wannan irin ruwa. Baƙin ƙarfe fa, wanda maƙeran Gobir ke narkewa daga tama tun kafin a gina Alkalawa.

Akwai kuma malamin da ya riga kowa, shi ne ganye. Kowane ganyen gero da na dawa a gonakinmu yana raba ruwa da hasken rana daga hantsi zuwa la'asar, oksijin da muke shaƙa a wannan ɗaki daga nan ya fito. A 2011 masana a Japan suka fitar da cikakkiyar surar dillalin da ke cikin ganye: ƙwayoyin manganis huɗu da kalsiyam ɗaya, oksijin ya ɗaure su. Manganis shi ne baƙin garin da ke cikin batirin tocila, kalsiyam kuwa shi ne na farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita. Tsarki ya tabbata ga Mahalicci. Wani abin lura, hasken rana yana lalata sashen da ke riƙe da wannan dillali, amma ganye yana sabunta shi a kai a kai, wani lokaci cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Da wannan darasi Daniel Nocera da abokin aikinsa suka fito da katalis na kobalt da fosfet a 2008 a Amurka, wanda ke gina kansa a cikin ruwa, in ya zaizaye kuma ya sake ɗinkewa. Masu neman magajin filatinam su ma ba su zauna ba, tun 2005 masana a Denmak suka nuna cewa gefunan wani baƙin ma'adini na molibdinam da farar wuta suna iya aikin. Wasu kuma sun so su tsallake faifan rana ɗungurungum, haske ya faɗa kan katalis ya raba ruwa kai tsaye, bin sawun Fujishima da Honda na 1972. Wannan hanya tana da daɗin ji, amma gwajin fili mafi girma da aka ba da rahotonsa a Japan a 2021, mai faɗin murabba'in mita 100, bai kama ko kashi 1 cikin 100 na ƙarfin rana ba.

Kada in sa ku yi zaton an gama. Katalis ɗin da ya yi bajinta na kwana biyu a ɗakin gwaji daban yake da wanda zai shekara goma a masana'anta. Ruwan rijiya mai gartsi yana kashe yawancinsu, sai an tace shi tukuna. Har yanzu kuma haidirojin da duniya ke amfani da shi, sama da tan miliyan 90 a shekara, kusan dukansa daga iskar gas da kwal ake samunsa, domin ya fi araha. Akwai ma inda ƙasa ke ba da shi kyauta: a ƙauyen Burakebugu na Mali, masu haƙar rijiya sun ci karo da shi a 1987, aka kuma fara ba ƙauyen lantarki da shi a 2012. Wannan rabo ne, ba kowa ke tono ya samu ba.

Yanzu mu koma ga Baba da injinsa. In ya tambaye ni ko ya jira haidirojin don ban-ruwa, zan ce masa a'a. Wanda ya mai da lantarki haidirojin, sa'an nan ya sake mai da haidirojin lantarki, da ƙyar kashi 40 cikin 100 zai dawo hannunsa. Ga shi iskar tana da cin wuri, kilo ɗaya yakan cika ɗaki mai girman kubik mita 11 in ba a matse shi ba, tana da yoyo, tana da saurin kama wuta. Shuka kuwa da rana ake ba ta ruwa. A jona faifan rana da famfo kai tsaye, magana ta ƙare. Duk jami'in gwamnati da ya zo muku da shirin motocin haidirojin a ƙasar Isa, ku tambaye shi wa zai gyara su.

Inda nake ganin rabonmu shi ne taki. Takin yuriya daga amoniya ake yin sa, amoniya kuwa haɗin haidirojin ne da naitirojin, wanda shi ne kusan kashi huɗu cikin biyar na iskar da ke kaɗawa. Na zauna na yi lissafi. Buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, wanda ke bukatar haidirojin wajen kilo 5. Wannan ruwa ne lita 45, bai cika jarka biyu ba, da lantarki wajen kilowat 270 na awa. Faifan rana goma irin manyan nan na kasuwa za su tara wannan cikin kamar mako biyu a ƙarƙashin ranarmu. Ban ce a kafa masana'anta a bayan kowane gida ba, domin akwai sauran matakai masu bukatar zafi da matsi. Yau ma takin da masana'antar Dangote ta Legas ke yi da iskar gas, wadda aka buɗe a 2022, ya fi wannan araha. Amma ku auna nisan Legas da Sabon Birni, ku auna kuɗin tirela, ku tuna shekarun da taki ke isowa bayan gero ya yi kai. Na kuma san akwai abin da ya riga wannan duka: ƙauyukanmu da dama sun watse saboda 'yan bindiga, manomin da bai iya zuwa gonarsa ba kuwa ba taki ne damuwarsa ta farko ba. Ban manta ba, 'yan'uwana na cikinsu.

Tarihin takin kansa yana da abin da zai ƙarfafa mana gwiwa. Lokacin da Fritz Haber ya fara haɗa amoniya a Jamus a 1909, dillalinsa osmiyam ne, ɗan gidan su iridiyam, wanda duk abin da ke hannun 'yan kasuwa a lokacin bai taka kara ya karya ba. Da a nan aka tsaya, da babu buhun taki ko ɗaya a kasuwar Isa. Sai Alwin Mittasch ya duƙufa yana gwada abu bayan abu, gwaji dubbai, har ya dace da baƙin ƙarfe da aka ɗan gauraya. Da shi aka buɗe masana'anta ta farko a 1913, da shi kuma ake aiki har gobe. Irin wannan aiki haƙuri yake ci fiye da kuɗi. Gwada gamin nikel da baƙin ƙarfe bai fi ƙarfin ɗakin gwajin jami'a ba, ga kuma Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da aka kafa tun 1982. Tambayoyin da ke gabanmu ma ba wanda zai amsa mana su daga Turai: yaya waɗannan dillalai za su yi da ruwan rijiyar Tozai, yaya za su yi da zafin bazara, yaya za su yi da ƙurar hunturu? Ni dai na yi niyyar in ɗauko ruwan rijiyoyi uku na garinmu in yi aikina na shekarar ƙarshe a kansu, in malamaina sun amince.

A kan teburin nan na ajiye kofin gilashi da ruwan kanwa, da bakin fensir guda biyu, da batiran tocila. Batir ɗaya bolt 1.5 ne, ya haura kuɗin sa, amma za ku ga ruwan ya yi shiru, domin bakin fensir dillali ne mai tsadar la'ada. In na ƙara na biyu za ku ga kumfa ta tashi, ta gefe ɗaya ta fi ta ɗayan yawa, mai yawan ita ce haidirojin. Wanda zai gwada a ɗaki kada ya sa gishiri, domin yana fitar da iskar kilorin mai guba, kada kuma ya kusanto da ashana. Shugaba, in ka ba da izini, na layin gaba su fara matsowa su gani.